Ranar da Na'ura Ta Ƙi Shukar Binne

Cikin kwanakin da Allah ya ba ni a wannan aiki, akwai wata Talata ta bazara da mantuwa ta kasa ɗauke mini. Ku da kuka shigo bayanmu, ku gyara zama ku ji. Ni ban taɓa taka ƙofar lakwal ba, wato makarantar boko, faɗa nake ana rubutawa, don haka in na tsallake wani abu na ilimi ku cike da kanku.

Sunana Mariyama, amma a biro, wato ofishinmu, ba mai kirana haka, Iya suke cewa. Haifaffiyar Dakusa ce ni, aure ya kawo ni Birni, nan cikin Damagaram. Bayan rasuwar maigida na shiga wannan furoje da shara da dafa shayi. Furojen na binciken hatsi ne da ruwan sama. Masana suna son su gane wane iri ne ke jure ƙarancin ruwa, a wace irin ƙasa, in an shuka shi yaushe. Sai aka raba salula ga manoma a ƙauyukan Damagaram, maza da mata. Ba rubutu a ciki, hotuna ne. In ruwa ya sauka ka danna hoton hadari. In ka yi shuka ka danna sungumi. In ya fito ka danna tsiro. In ka girbe ka danna dami. Duk abin da ka danna yana bin rezo, wato hanyar waya ta iska, zuwa babbar na'urar da suke ce wa ordinata, masana su duba.

Abin da ke cikin salular yana nuna hotunan nan shi ne manhaja, yaran biro kuwa lojisiyal suke ce mata. Masu ƙera ta suna da yawa. Wasu nan Damagaram, wasu Yamai, wasu a ƙasashen da ban san sunansu ba, fuskokinsu kawai nake gani a allo suna magana kamar suna cikin rijiya.

Wadda ta ɗauko ni daga tsintsiya ita ce Madam Rakiya, shugabar masu gwaji. Wata rana ta tarar da ni ina juya ɗaya daga cikin salulan nan, na ɓata a ciki na kasa fita. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta jawo kujera ta ce in sake ɓata tana kallo. Da na gama ta ce, "Iya, mu duk mun iya karatu, ba za mu iya ɓata irin taki ba. Irin taki kuwa ita ce ta mutanen da muke yi wa aiki." Daga ranar na zama mai gwaji.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Ba irin aikin da ake cewa an gama ba ne. Duk sati biyu akan fitar da sabuwar manhaja, an ƙara wani abu, an gyara wani. Kowace safiya ƙarfe takwas mukan taru a tsaye gaban wani farin allo, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. A tsaye ake yi don kada mai surutu ya ji daɗi. A allon ana manna 'yan takardu masu launi, kowace takarda aiki ɗaya. Akwai kuma ja guda ɗaya a rataye gefe. Doka ce, kowa a cikinmu, babba ko ƙarami, in ya ga abin da zai cutar da mutane zai iya manna jan nan. In aka manna shi ba abin da ke fita ƙauye sai an zauna an duba. Na daɗe a wurin ban ga wanda ya taɓa shi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne talabijin ɗin da ke bango. Ba ta nuna mutane, 'yan fitilu ne jere kamar idon ƙwari. Aka ce mini na'ura ce ke gwada na'ura. Duk sa'ad da wani ya taɓa manhaja, sai ordinata ta yi mata tambayoyi masu ɗimbin yawa. Wadda ta amsa daidai fitilarta ta yi kore, wadda ta kuskure ta yi ja. Na yi ta juya wannan magana a raina. Rannan na tambayi Lawali, injiniyan da teburinsa ke kusa da nawa. Haifaffen Yamai ne, sa'an jikana na fari, shi ya sa muke wasa, ina ce masa angona yana ce mini amarya.

Na ce, "Angona, wa ya koya mata tambayoyin?"

Ya ce, "Mu ne, amarya."

"To tambayar da ku ba ku sani ba fa, wa zai yi mata?"

Ya yi dariya ya ce, "Shi ya sa aka ajiye ki, ba don kyawunki ba."

Ana nan, ana nan, sai Talatar nan ta zo. Zafi ya kai inda ya kai, hadari ya fara leƙowa ta gabas yana komawa. Ranar Alhamis aka sa za a tura sabuwar manhaja ƙauyuka, don ta riga ruwan fari isa. Fitilun bango duk kore. Madam Rakiya ta miƙo mini salula ta ce, "Iya, ki zama manomiya, ki yi mana damina ɗaya daga farko har ƙarshe."

Na danna hadari, ta karɓa. Na danna sungumi, ta karɓa. Tsiro, dami, duk lafiya. Na yi haka sau uku. Har zan mayar mata, sai na tuna saƙon da ƙanwata Habsu ta aiko mini daga Dakusa ranar kasuwa, cewa sun fara binne, shukar da ake yi tun ruwa bai sauka ba. Sai na ce bari in yi daminar Habsu. Na koma farko, na bar hadari, na danna sungumi.

Salular ta yi gurnani a hannuna ta mayar da ni baya. Na sake, ta sake. Na goge yatsana a zane, don wani lokaci gumi ne ke hana ta ji, na sake. Ta ƙi.

Na je wurin Lawali na ce, "Abinku ya lalace. Ya ƙi shuka."

Ya duba ya ce, "Ba ki danna ruwa ba."

Na ce, "Ba a yi ruwa ba."

"To me za ki shuka? Wannan ba lalacewa ba ce, amarya, gyara ne, ni na yi shi da hannuna. Dokta, babban masaninmu, ya ce bayananmu sun cika datti, yara na ɗaukar salular iyayensu suna danne-danne. Ya ce a cire duk abin da ba zai yiwu ba. Shuka kafin ruwa kuwa ba za ta yiwu ba. Ranar Alhamis ma, in sabuwar ta fita, za ta bi tsofaffin bayanai na shekarun baya ta share duk irin wannan."

Na ce, "Ta share su su tafi ina?"

Ya ce, "Su tafi. Shara ce, ke kin fi ni sanin shara."

Na yi masa bayanin binne, cewa ana sara rami a busasshen rairayi, a zuba iri, a rufe da ƙafa, ya kwanta yana jiran ruwa. Yana jina da kunne ɗaya, idonsa na kan allo, don aiki ya yi masa yawa. Ya ce ko ana yi, 'yan kaɗan ne, in bari sai zagaye na gaba, bayan sati biyu, a duba. Zagaye na gaba kuwa bayan shara ne. Madam Rakiya ta riga ta fita reniyo, wato taro, ba ta dawo ba har aka tashi.

Na tafi gida a ƙafa ta lungunan Birni ina tunanin Habsu. Damina uku tana danna abin nan. Takan kai salular caji har bakin kasuwa, takan hau tudu neman rezo. An ce mata gonarta tana cikin littafin masana, ta kuma yarda.

Ranar Laraba da safe muka tsaya gaban allo. Dokta Isufu, babban masanin furoje, ya iso daga Yamai don ya ga fitar manhaja. Mutum ne mai furfura, ba ya son dogon zance. Kowa ya faɗi nasa. Da aka zo kaina sai na taka na ciro jar takarda na manna a tsakiyar allo. Sai da na danna ta sau biyu kafin ta kama.

Kowa ya juyo. Dokta ya dubi Madam Rakiya, ita kuma ta dube ni ta ce, "Iya, muna jin ki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na'urarku ta ce ba a shuka kafin ruwa. A garinmu ana yi."

Dokta ya ce, "Binne kike nufi? Ai na san binne." Ya juya ga Lawali. "Ni kuskure na ce a cire."

Lawali ya ce, "Takardar da aka ba ni cewa ta yi abin da ba zai yiwu ba, Dokta."

Dokta ya shafa gemu ya ce, "To, an yi kuskure. Amma masu binne ba su da yawa, ruwa kuma yana bakin ƙofa. In muka tsaya, manoma za su shiga damina da tsohuwar manhaja mai cinye batir. A fitar gobe, a gyara daga baya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko za a duba mini su wane ne za a share?"

Ban san abin da za a gani ba, wallahi, so nake kawai in ji ko sunan Habsu na ciki. Lawali ya zauna ya yi 'yan danne-danne, ya fara karantowa. Habsu, Dakusa. Zuwaira, Dakusa. Hajara, Mirriya. Ya yi ta karantowa, sai ya tsaya ya ce, "Kusan duk mata ne."

Dokta ya matso ya leƙa da kansa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo gare ni, muryarsa ta sauya, ya ce, "Iya, me ya sa mata?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ranar da ruwan shuka ya sauka, mace ba ta da ikon ƙafarta. Gida duka gandun maigida ake tafiya, da mata da 'ya'ya, a yi kwana biyu ko uku sai an gama nasa. Kafin ta juyo ga gamanarta, 'yar gonar da aka yanka mata, laima ta gudu. Shi ya sa take riga ruwan. Ta binne nata tun ƙasa na bushe, ruwan da zai kai ta gandu shi zai tayar mata da nata a bayanta."

Dokta ya ce, "Na daɗe ina mamakin abin da ya sa gonakin mata ke riga na maza tsiro. Na ɗauka iri ne daban." Ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta wani abu.

Madam Rakiya kuwa ba binne ne ya dame ta ba, talabijin take kallo. Ta ce, "Lawali, da ka sa wannan doka, ba fitilar da ta yi ja?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗaya ta yi, Madam. Tsohon gwaji ne, lamba kawai gare shi da sunan Falmata. Ba a rubuta abin da yake tsaro ba. Na ɗauka cikin tsofaffin nan ne da ke jan lokaci, na kashe shi."

Falmata injiniya ce da ta bar furoje tun kafin zuwan Lawali. Shi ma ba shi kaɗai ke kashe tsofaffin gwaje-gwaje ba. Sun yi yawa har ordinata takan daɗe kafin ta gama tambayoyinta, kowa na ƙorafi, don haka wanda duk ya ga tsohon da ba a san amfaninsa ba sai ya kashe. Madam ba ta yi masa faɗa ba. Cewa ta yi, "Ni ma na kashe biyu a watan jiya."

Saura magana ɗaya. In an bar kowa ya danna shuka ba ruwa, wasan yara zai dawo. Lawali ya ce sai a ƙara tambaya bayan sungumi, hoto biyu, busasshiyar ƙasa da jiƙaƙƙiya, manomi ya zaɓa. Dokta ya ce ya ba mu wuni ɗaya, mu je mu gwada a kan masu abin. Kafin azahar muna cikin motar furoje, ni da Madam da Lawali, mun kama hanyar Dakusa.

Mun tarar da Habsu a gamanarta da maƙwabtanta mata uku, ɗaya na gaba da sungumi tana sara, sauran na bi suna zuba iri suna rufewa da diddige. Bayan gaisuwa Habsu ta dubi takalman Lawali masu ƙyalli ta ce, "Yaya, wannan ne angon naki? Bai yi kama da mai ciyar da ke ba."

Lawali ya nuna mata hoton busasshiyar ƙasa da ya samo, duk ta tsattsage. Ta juya salular sama da ƙasa ta ce, "Wannan ai tabki ne ya ƙafe. Wa ke shuka hatsi a tabki? Ƙasarmu jigawa ce, ɗana, ba ta tsagewa."

Ya ce, "To Inna, da me kike gane shukar binne da shukar ruwa?"

Ta ɗaga ƙafarta ta nuna masa, fari fat da rairayi har idon sawu. Ta ce, "Da wannan. Mai binne ƙafarta fara, mai shukar ruwa ƙafarta baƙa."

Shi ke nan sai ya durƙusa ya ɗauki hoton ƙafar Habsu a bakin rami. Aka kawo buta aka jiƙa wuri, ta taka, ya sake ɗauka. Matan suna ta dariya suna cewa ƙafar Habsu za ta riga ta zuwa Yamai. Aka kira wasu mata daga gonar gaba waɗanda ba su ji zancen ba, aka nuna musu hotunan biyu, aka ce wace ce shukar yau. Ba wadda ta yi jinkiri.

Lawali ya sake tambaya, "In yaro ne ya danna farar ƙafa da wasa fa?"

Habsu ta ce, "Wasa yana tsiro ne? In binne ne na gaskiya, kwana uku ko huɗu bayan ruwa za ka ga kore."

Sai ya juya ya ce wa Madam, "Ba sai mun share komai ba ke nan. Mu ajiye, mu jira ruwa. In hoton tsiro ya biyo baya a kan lokaci, gaskiya ne." Kafin mu tafi ya roƙi a ba shi sungumi ya gwada. Ya sara rami biyar, rairayi ya koma cikin huɗu. Habsu ta karɓe abinta ta ce ya koma ga nasa aikin, kowa ya huta.

Alhamis ba a fitar da komai ba. Dokta ya kira manyansa ya sha magana, mun ji ta bayan ƙofa, amma bai ce a cire jar takarda ba. Lawali ya warware dokarsa, ya sa hotunan ƙafa, ya tayar da gwajin Falmata, ya rubuta sababbi a kan maganar tsiro. Ni kuma na yi ta yin daminar Habsu a salula har yatsana ya gaji. Ranar Asabar da hantsi Madam ta ce ni zan cire jan da hannuna, na cire, manhaja ta fita. Ba sunan da aka share.

Madam ta nemo lambar Falmata ta kira ta a gabanmu. Da aka karanta mata lambar gwajin sai ta ce, "Na binne ne. Wata tsohuwa ce a Mirriya ta faɗa mini, na dawo na rubuta gwajin. Na ce gobe zan rubuta dalilinsa, goben ba ta zo ba har na tafi."

Daga wannan zagaye aka kafa doka biyu. Ba a kashe gwaji sai an gano abin da yake tsaro. Ba a kuma karɓar sabo sai da dalilinsa a jikinsa, cikin maganar da baƙo zai gane. Tsofaffin da ba su da dalili aka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowane zagaye 'yan kaɗan. Wasu da gaske sun mutu, aka cire su, ordinata ta samu sauƙi. Waɗanda suka shafi gona kuwa akan zaunar da ni a karanta mini abin da suke tambaya, in na gane in faɗa, a ɗauki muryata a liƙa a jikin gwajin. In ban gane ba mu je ƙauye mu tambaya. Ta haka na san ƙauyukan da ban taɓa takawa ba, na kuma ji al'adun noma da ni kaina, 'yar manoma, ban sani ba.

Abin da na koya, 'ya'yana, shi ne wannan aiki ya fi kowannenmu tsawon rai. Falmata ta san binne ta tafi da saninta. Dokta ya san binne bai san gamana ba. Lawali ya san na'ura bai taɓa riƙe sungumi ba. Ba mugu ko ɗaya a cikinsu, ba malalaci, amma saura kwana biyu su taru su share matan Damagaram daga littafi, fitilu kuma duk kore. Kore ba ya nufin ba laifi, yana nufin an amsa tambayoyin da aka yi ne kawai.

Ni yanzu gwiwa ta fara ƙi, tsayuwar safe tana yi mini wuya, kwanakina a biro sun kusa. Ku ne za ku ci gaba. Wata rana ɗayanku zai taɓa wani abu, wata tsohuwar fitila ta yi ja, ga sauri, ga manya na jira. Kafin ya kai hannu ya kashe ta, ya danna ya saurara. Wataƙila muryar wata tsohuwa ce da bai taɓa gani ba, tana gaya masa gonar wa zai share.